Taga da Raga a Ƙasar Gaya: Yadda Yanayi da Al'ada Suke Sarrafa Iskar Ɗaki

A ƙasar Gaya da Ajingi, kamar sauran karkarar gabashin Kano, ginin ƙasa yana ja da baya, bulo da kwano suna cin gari. Wanda ya bi hanyar Wudil zuwa Dutse, ko ya karkata arewa ya nufi Ajingi, zai ga soron azara da ɗakin jinka da sabon ɗakin siminti, wani lokaci duk a cikin gida ɗaya. Bango ya canja, rufi ya canja, amma taga tana nan yadda kakanni suka bar ta: ƙarama, guda ɗaya tilo, yawanci kuma a rufe. Hujjar da wannan maƙala take son kafawa ita ce, ƙaramar taga ta dace da tsohon gida ne domin shi yana da wasu hanyoyin shan iska, sabon gida kuwa ya zubar da waɗannan hanyoyi bai kawo madadinsu ba. Saboda haka manna ragar sauro a kan wannan taga ba zai warware komai ba, sai an sake tunanin tagar kanta.

Ɗaki a wannan yanki yana fama da lokuta huɗu masu buƙatu mabambanta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da asuba kuma sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15. Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, zafin rana yana haura digiri 40. Damina tana zubar da kusan dukkan ruwan shekara tsakanin Yuni da Satumba, hadarinta kuma daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi kowane cin yaɓe. Sai kaka, wadda zafinta mai gumi ne, sauro kuma bai riga ya janye ba. A hunturu da lokacin hadari iskar waje abar gudu ce, a sauran lokutan abar nema ce ido rufe.

Maginan gargajiya ba su nemi taga ta sasanta wannan rigima ba. Sun ɗora nauyin a kan kaurin bango da tsarin gida. Bangon tubali mai kauri da rufin azara da aka danne da ƙasa suna shanye zafin rana a hankali, ɗaki ya wuni da sanyi, sai dare ya yi su fara amayar da abin da suka sha. A hunturu wannan alheri ne. A bazara kuwa azaba ce, amma ba wanda ya ce a kwana a ciki: ana fito da tabarma tsakar gida, samari su baje a ƙofar gida, ɗaki ya zama ma'ajiyar kaya har ruwa ya sauka. Ɗakin jinka ma nasa numfashin daban ne, domin iska tana ratsa ciyawa, tana kuma shiga ta ratar da ke tsakanin bango da rufi. Wato mutum ne yake bin iska inda take, daga ɗaki zuwa rumfa, daga rumfa zuwa gindin darbejiya, gwargwadon sa'a da wata. Masu nazarin ginin Hausa, irin su Friedrich Schwerdtfeger da ya yi aiki a Zariya ya fitar da littafinsa a 1982, da J. C. Moughtin a 1985, sun nuna cewa tsakar gida ita ce cibiyar rayuwar gidan Bahaushe. A irin wannan tsari taga kafa ce kawai ta ɗan haske da fitar hayaƙi, can sama kusa da rufi.

Al'ada ta zo ta ƙara wa wannan tsari ƙarfi. Gidan Bahaushe cikinsa yake kallo. Zaure da shigifa an yi su ne don idon baƙo ya tsaya inda ya kamata ya tsaya, taga mai faɗi da ke kallon lungu kuwa ta rushe wannan sutura gaba ɗaya. Ga tsoron ɓarawo, wanda ya sa kowace taga ta zamani take zuwa da sandunan ƙarfe da marfi. Ga kuma yadda mutanenmu suka ɗauki sanyi a matsayin cuta mai shiga jiki ta zauna. Shi ya sa ɗakin mai jego ya fi kowane ɗaki toshewa: a rufe taga, a saki labule, a ajiye kaskon garwashi, kada sanyi ya kama ta ko jinjiri. Idan magariba ta yi kuma ana kiran yara a ja ƙofa, abin da yake da tushe a hadisin Jabir da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da tsare yara da rufe ƙofofi da rufe ƙorai in dare ya shigo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalilinsa, kuma duk mai son gyara da ya ɗauke su jahilci ya fara da ƙafar hagu.

Matsala ta taso ne da aka canja jikin ɗaki aka bar ɗabi'ar. Kwano ya samu karɓuwa da hujja mai ƙarfi: ba ya yoyo kamar soron da aka makara wajen yi masa yaɓe, ba ya kama wuta kamar jinka, azara kuma ta yi tsada tun da giginya ta yi ƙaranci. Amma kwano ba ya riƙe zafi, sako shi yake yi kai tsaye a kan na ciki, bulo mai rami kuma ba shi da kaurin tubali. A shiga irin wannan ɗaki a ƙauye bayan sallar isha'i cikin watan Satumba. Babu silin, kwano yana sama tsirara, taga ɗaya ce a bangon baya, an toshe ta da kwali ko tsohon buhu tun hunturun bara ba a cire ba. Gado da katifa da jeren kwanuka sun cinye fili, uwa da yara suna kwance, gidan sauro yana naɗe a jikin ƙusa. In ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce: zafi, ba a iya numfashi a cikinsa. Kwana a waje kuma, wanda shi ne mafitar da, yana raguwa a cikin gari saboda tsoro da cunkoson gini, a damina ma dama ba ya yiwuwa.

Nan ne maganar ta daina zama ta jin daɗi kawai. Najeriya ce take ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, a Arewa kuma cutar tana tashi ne da damina ta kai ƙololuwa zuwa kaka, daidai lokacin da ɗaki ya fi gumi. Kano tana cikin jihohin farko da aka yi rabon gidan sauro na gida-gida a 2009, an kuma ci gaba da yi bayan nan. Amma nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashe da dama sun nuna cewa zafi yana kan gaba cikin dalilan da masu gidan sauro suke bayarwa na ƙin shiga cikinsa. Ɗakin da ba ya shan iska, ke nan, yana lalata aikin gidan sauron da aka raba kyauta. Abin da ya rage wa mai gida shi ne ya kunna maganin sauro mai hayaƙi ko ya yayyafa fiya-fiya, ya rufe ƙofa, iyali su kwana suna shaƙa.

Kare gida da raga ba sabon tunani ba ne. Shekaru kaɗan bayan Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne yake ɗaukar ƙwayar cutar, Angelo Celli ya sa raga a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa a Italiya, zazzaɓi ya ragu ƙwarai a tsakaninsu. Abin da ya fi kusa da mu shi ne gwajin da aka yi a yankin Farafenni na Gambiya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2009. A gidaje wajen 500, waɗanda aka sa wa raga sun samu ragin sauro da kusan rabi, ƙarancin jini a jikin yara ma ya ragu da kusan haka. Gambiya ta fi dacewa da kwatance domin ita ma damina ɗaya gare ta, gajeriya, ginin ƙasa da kwano da jinka ne kuma a ƙauyukanta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kare gida da raga cikin shawarwarinta, amma bisa sharaɗi.

Sharaɗin yana da dalili, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Wani gwajin da aka yi daga baya a gabashin Gambiya, inda aka yi wa gidaje rufin kwano aka toshe ratar rufi aka sa raga, bai rage zazzaɓi a jikin yara ba. Raga ba laya ba ce. In ƙofa tana wuni a buɗe har dare ya raba, in mutane suna hira a waje har sauro ya ƙoshi, in ragar ta yage ba a ɗinke ba, an yi asarar kuɗi ne kawai. Akwai kuma abin da masu sayar da raga ba sa faɗa: ita kanta tana tare iska. Raminta bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, in ƙurar hunturu ta cike shi sai ta zama kamar an rataya bargo. Ƙaramar taga guda ɗaya da aka ƙara wa raga ta zama rabin taga, ɗaki ya ƙara zafi, mai ɗaki ya buɗe ƙofa don ya sha iska, sauro ya shigo ta babbar hanya. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke ganin raga kayan ƙawa ne na gidan ma'aikaci, kuma a yadda ake sa ta yanzu ba su yi ƙarya ba.

Binciken da Steve Lindsay da abokan aikinsa suka yi da ɗakunan gwaji a Gambiya ya nuna inda gyaran yake. Sauron da ke kawo zazzaɓi warin jiki da numfashin masu barci yake bi, ya tashi ya bi bango har ya samu ratar da ke ƙarƙashin rufi. Da aka toshe wannan rata aka kuma buɗe manyan tagogi masu raga a bango biyu masu fuskantar juna, ɗaki ya yi sanyi, sauron da ke shiga kuma ya ragu sosai, domin iskar da ke ratsawa tana tarwatsa warin da yake bi. Ke nan faɗin taga da inda aka sa ta sun fi ragar kanta muhimmanci.

Za a ce, to ina sutura, ina hunturu? A ganina tsarin gidan Bahaushe ya riga ya ba da amsa. Bangon da ke kallon tsakar gida ba ya buƙatar ɓoyewa daga kowa, nan ya kamata babbar taga ta zauna, daidai tsayin gado. Bangon da ke kallon lungu a yi masa doguwar kafa mai faɗi can sama, inda idon mai wucewa ba ya kaiwa, wadda ita ce wurin tsohuwar tagar soro. Iska ta shiga ta ƙasa, zafi ya fita ta sama. Kowace a ba ta marfi na katako ko na ƙarfe a bayan raga, a rufe da hunturu da lokacin hadari, a buɗe sauran shekara. Ƙofa a ƙara mata ƙyauren raga mai komawa da kansa, maimakon labule ko asabari da sauro ke bi ta gefensu. Rufe ƙofa da magariba da barin taga mai raga a buɗe ba sa karo da juna. Wanda ya samu hali ya yi silin, ko da na zana ne ko tabarma, ya rage zafin kwano.

Ko a hunturun ma toshe ɗaki ɗungurungum yana da nasa haɗari. Muna cikin yankin da sanƙarau ke addaba daga tsakiyar rani zuwa saukar ruwa, ba a kuma manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya ta kashe fiye da dubu 11, Kano tana tsakiyarta. Cunkoso a rufaffen ɗaki yana taimaka wa irin wannan cuta, kamar yadda yake taimaka wa tarin fuka da ƙyanda. Garwashi a ɗakin da ba kafa kuwa yana iya kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Kafar sama, ko an sassauta ta, bai kamata a liƙe ta ba.

Wanda ke yanke hukuncin faɗin taga a Gaya ko Kademi ko Toranke ba likita ba ne, ba kuma mai zanen gini ba ne. Magini ne da mai walda, da mai gida da ke lissafin kuɗinsa. Mai walda yana da ƴan ma'aunai da ya saba bugawa, mai gida ya zaɓi mafi araha, magini ya bar rami daidai da ita. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya sama da mutum dubu 200, Ajingi sama da dubu 170, kuma kowane rani ana ɗora sababbin ɗakuna da za a kwana a cikinsu shekaru masu yawa. Faɗaɗa taga lokacin gini ya fi fasa bango daga baya sauƙi nesa ba kusa ba, wani ɓangare na kuɗinta ma yana fitowa daga bulon da ba a saya ba.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan Wudil, maƙwabciyar Gaya, tana kuma koyar da zanen gini. Ya kamata ɗalibanta su fito su auna zafi da yawan sauro a ɗakunan soro da jinka da kwano na wannan yanki cikin Agusta da Satumba, domin a daina dogaro da alƙaluman Gambiya kaɗai. Ƙananan hukumomin biyu su fara da ɗakunan haihuwa da makarantun kwana da tsangayu, inda jama'a za su shiga su ji bambancin a jikinsu. Masarautar Gaya kuma, wadda Ajingi ke ƙarƙashinta, ta tara sarakunan magina da shugabannin masu walda da kafintoci a kan wannan magana kafin aikin ginin rani mai zuwa ya kankama.