Daga zangon fatake zuwa tashar caji: ko motar lantarki za ta iya zama ɗakin direban Arewa?

 Kwanakin nan ana ta yawo da hotunan motocin da ba su shan mai, sai caji kamar waya, har wasu matasan direbobi sun fara lissafin saida Hiyas su jira irin wannan. Kafin wani ya saki abin da ke hannunsa, bari mu waiwaya mu ga yadda mutanen da hanya ce gidansu sunka rayu a ƙasar nan, don a cikin tarihinsu akwai amsar tambayar.

A Amurka da Turai akwai mutanen da tsadar haya ta sa sunka koma cikin ƙananan bas, da gado da murhu, kuma su ma suna gardama kan ko motar lantarki za ta yi musu. Mu nan muna da namu tun da daɗewa, sai dai ba mu kiransu haka. Direban kamiyo ne da yaron mota. Direban Hiyas ne da ke bin kasuwanni, ya kwana inda dare ya same shi. Tabarma a ƙarƙashin mota, gidan sauro ɗaure da madubi, buta, ɗan murhun gawayi da tukunyar shayi, jarkar ruwa a gefe. A shekara, kwanan da irin wannan mutum ke yi cikin mota ko ƙarƙashinta ya kan fi wanda yake yi a ɗakinsa.

Kakanninsu su ne fatake. Kafin zuwan Nasara, ayarin jakuna da takarkarai ne ke ɗauko gishirin Foga daga kudu ya ratsa Dallol Mawri, wasu kuma su bi ta Kabi su haye Kwara su nufi Gwanja neman goro, tafiyar watanni. Madugu ke gaba da ayari, kuma babban iliminsa shi ne sanin zango: ina rijiya take, ina ciyawa, wane sarki ke karɓar fito, tsakanin wannan zango da na gaba yini nawa ne. Jaki komi ƙarfinsa, in anka wuce da shi rijiya biyu ba a shayar da shi ba, kaya ya faɗi. Don haka hanyar fatake ba ta miƙewa, ruwa take bi. Dallol ɗinmu, inda ruwa ke kusa da ƙasa, shi ya sa ayari ke son bi ta nan. Ku riƙe wannan maganar ta zango, za mu dawo gare ta.

Mota ta shigo a hankali. A ƙarshen 1924 wani ayarin motoci takwas na kamfanin Citroën ya ratso hamada daga Aljeriya, ya bi ta Yamai ya wuce Damagaram da tafkin Chadi. Waɗannan ma sai da anka riga anka aika musu gangunan mai gaba, anka ajiye a wuraren da za su yada zango. A shekarun 1950 Faransawa sunka shirya jigilar gyaɗar Nijar da manyan motoci zuwa Paraku, inda jirgin ƙasa ke ɗauka ya kai Kwatano, don a rage bi ta Kano. Bayan ƴancin kai anka kafa SNTN a 1963. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, motocinsa sunka riƙa bin Tawa, Ƙonni, Dutsi, Doso da Gaya. Nan ne kwana a kan hanya ya zama sana'a ta sosai, da iyayen gidanta da yaranta, har Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa. Ƙananan motoci kuma sunka biyo: Peugeot 404 mai tamfol, 504 da anka fara haɗawa a Kaduna a 1975, sai Hiyas ta Toyota wadda ta cinye tasha har yau.

To mi ya sa motar mai ta kori jaki a doguwar hanya? Gudu na ciki, amma babban dalili shi ne abincinta ana iya ɗauka a tafi da shi. Jarka biyu a bayan mota, ka ƙara tafiyar yini. Mu kuma da ke bakin iyaka da jihar Kabi, shekara da shekaru man Najeriya mai rahusa na shigowa, ruwa-ruwa a cikin kwalabe bakin kowace hanya. Kowane ƙauye ya zama zango. Wannan arha ta yi rauni ranar 29 ga Mayu 2023, da shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a yini, ita ce ta ɗauki nauyin. A Yulin 2024 gwamnati ta sa litar esansi sefa 499, wato dala ɗari ba tamma guda, gazuwal kuma 618. Duk da haka a Maris 2025 kowa ya ga layin motoci a gidajen mai. Wanda ya kwana a layi ba za a ga laifinsa ba in ya fara mafarkin motar da ba ta shan mai.

Abin da da yawa ba su sani ba, motar lantarki ba sabuwa ba ce. Wajen 1900 kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka da batir suke tafiya. Ba su da hayaƙi, ba su da ƙara, ba a murɗa musu hannu kafin su tashi. Sai Ford ya fito da Model T a 1908 mai arha, a 1912 kuma anka samo dabarar tada motar mai ba tare da murɗa hannu ba. Ƙauyukan Amurka lokacin ba su da wutar lantarki, mai kuwa ana samunsa a gwangwani a kowane kanti. Motar batir ta koma aikin cikin gari. A Ingila ta daɗe tana rabon madara gida-gida da asuba, don aikin gajere ne kuma kullum da dare tana komawa gida ta sha caji. Abin da ya kayar da ita a doguwar hanya shekara ɗari da sunka wuce shi ne rashin zango.

Yanzu mu yi mata adalci. A matsayin ɗaki, motar lantarki ta fi ta mai nesa ba kusa ba. Batirinta babba ne. Ford E-Transit da ta fito a 2022, misali, tana ɗauke da kilowat-awa 68. Fanka mai wat 50 in ta kwana tana juyawa awa goma, rabin kilowat-awa kaɗai ta ci. Cajin waya da fitila ba su ma shiga lissafi. Ana iya kunna sanyi a cikin zafin Afrilu ba tare da an bar inji na ƙugi ba, kuma ba hayaƙin da zai shaƙe mai barci, abin da ya sha kashe mutane a rufaffiyar mota. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba kafireto. In ma an ƙaddara kowane kilowat-awa sefa 100 ne, tafiyar kilomita 100 da ke cin kamar 30 za ta tsaya jikka uku, alhali Hiyas mai shan lita 12 tana cin kusan jikka shida.

A matsayin dabbar tafiya kuwa, nan gizo ke saƙa. Kamfani ya ce wannan batir na kai kilomita 300 da ɗoriya, amma a kan kwalta mai laushi ne, da mota marar nauyi. Ka ɗora mata buhunan hatsi da wake, fasinja cike, ka sa ta a gargada da rairayin dallol, lissafi ya sauka ƙwarai. Daga Yamai zuwa Dutsi kilomita 270 da wani abu ne, ke nan da ƙyar ta kai, in ma ta kai. Sanyin da ka kunna ka yi barci awa takwas yana iya cin kilowat-awa takwas, wato tafiyar kusan kilomita 30 ta gobe ka kwana a kanta. Batirin kansa ya kai nauyin buhu huɗu ko biyar na kilo ɗari, kuma wannan nauyi daga cikin kayan da za ka ɗauka ake cire shi. Ga zafi: batirin litiyom ba ya son rana mai digiri 45, yana saurin tsufa, kuma shi ne abu mafi tsada a jikin motar. In ta tsaya maka tsakanin Lido da Bolbol, ba yaron da zai hau kabu-kabu ya kawo maka kuran a cikin jarka. Bakaniken da ya iya Hiyas ido rufe bai kamata ya sa hannu a wayar da ke ɗauke da bolt 400 ba sai ya koya.

Wani zai ce ai muna da rana, a sa fanon sola a saman motar. Mu lissafa. Babban fano mai wat 500 yana ba da kamar kilowat-awa biyu da rabi a yini a ƙasarmu, in an goge masa ƙura. Saman Hiyas zai ɗauki uku. Ke nan bakwai zuwa takwas a yini, tafiyar kilomita 25 zuwa 30. Ya isa fanka da firji da fitila har a yi kyauta, amma cika batir zai ɗauki fiye da mako. Sannan saman Hiyas a wurinmu ba fili ba ne, nan ne wurin buhuna, kaji da awaki, kuma kuɗin kayan sama na cikin abin da ke ciyar da direba.

Saura kuran na NIGELEC. A soket ɗin gida, cika irin wannan batir ya fi yini da kwana. Injin caji mai sauri na yi cikin ƙasa da awa guda, amma yana jan wutar da ta kai ta gidaje masu yawa. Tun 1976 layin da ya taso daga Birnin Kabi ya bi ta Doso ke kawo wa yammacin ƙasar nan wutar Najeriya, kuma kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke amfani da ita daga can take zuwa. Bayan 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta yanke layin a farkon Agusta, ba a maido ba sai Maris 2024. A daidai lokacin anka rufe gadar Gaya da Malanbil, ɗaruruwan kamiyo sunka yi makonni a tsaye, direbobi na kwana ƙarƙashinsu suna dafa abinci a bakin hanya. Daga baya kaya sunka koma bi ta Lome da Burkina cikin ayari da rakiyar soja. Ku auna: da motocin nan na batir ne, a tsaye za su fi jin daɗin kwana na ƴan kwanaki, amma ranar da anka ce a tashi, ina za su sha?

Wuraren da abin ya fara kama ƙasa sun bi ta kan zango ne tukuna. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin mai a 2024, amma tana da babban dam a kan kogin Nilu mai ƙarfin sama da megawat 5,000. Namu na Kandaji, wanda anka aza tubalinsa a 2008, megawat 130 anka tsara masa. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018, ta Goru Banda mai 30 a 2023. A maƙwabta, a Afrilun 2021 anka buɗe tashar cajin mota mai aiki da rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ƙarƙashin hukumar da Jelani Aliyu ke jagoranta lokacin, Basakkwacen da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna da maida ƙananan bas zuwa na batir. Ku lura, aikinsu na cikin gari ne, su yi zirga-zirga su koma wurin caji, kamar motar madarar Ingila.

Don haka ga abin da tarihin ke nuna mana. Direban doguwar hanya, mai kwana yau Gaya gobe Ƙonni, kada ya saida motarsa tukuna. Abin da zai amfane shi yau ƙarami ne kuma aljihu na iya ɗauka: fano guda, batir na daban da fanka, ya daina kunna inji don iska ko cajin waya. Inda motar batir za ta fara yin riba a Arewa shi ne gajeren zango mai komawa gida, kamar Geceme zuwa Tibiri ko Tibiri zuwa Kore Mai Ruwa, da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kayan lambu, da motar ɗaukar marar lafiya wadda ke kwana a likita mai sola. Hakan ma sai an kafa rumfar fanuka a tasha, wadda ba ta dogara da layin da wani zai iya yankewa ba, kuma an tura yaranmu bakanikai sun koyi aikin. Wannan magana ce ta sandikan direbobi da magadan gari, su ya kamata su fara zama a kanta kafin dillalai su fara shigo da tsofaffin motocin da batirinsu ya riga ya gaji a Turai. Madugu bai taɓa tada ayari ba sai ya san rijiyar gaba.

Dattawan da sunka yi tuƙi zamanin SNTN da 404, muna son jin inda kuke yada zango a lokacin, da yadda kuke samun mai kafin gidajen mai su yawaita. Allah ya kiyaye direbobinmu da yaran mota, ya kai kowa gida lafiya.