Ɓauren Tsami na Kef da Hijirarsa Zuwa Kalifoniya

A can ƙuryar kudancin Afirka, a gaɓar teku ta yankin Kef, inda ruwan sama ke sauka da hunturu, rani kuwa ya daɗe babu ko yayyafi, Allah cikin hikimarSa ya halicci wani tsiro mai yaɗo bisa rairayi, mai ganye kaurin yatsa, cike da ruwan da yake tanadi domin kwanakin fari. Mutanen Khoikhoi, ma'abota ƙasar tun kafin Holandawa su kafa zango can cikin 1652, sun san fa'idarsa sarai, domin 'ya'yansa masu tsami abinci ne gare su, ruwan ganyensa kuma magani ne na ƙuna da ciwon maƙogwaro. Har yau ana sayar da busassun 'ya'yan a Kef Tawun, ana dafa su da sukari. Malamin tsirrai Linnaeus ya shigar da shi cikin littattafai a 1759, sa'an nan N. E. Brown na lambun Kew ya tabbatar masa da sunan jinsin da masana ke kiransa da shi yau, watau Carpobrotus edulis.

Renonsa ba shi da wata mishkila, kuma a ganina wannan sauƙin shi ne asalin fitinar da ta biyo baya. Mutum ya karyo reshe ya soka cikin yashi, ya bar shi ga rana, sai ya kama saiwa a kowace gaɓa, ya yi tafiyar kimanin mita guda a shekara. Ba ya neman taki, ba ya tsoron gishirin teku, yawan ban-ruwa ma ruɓar da shi yake yi. Saboda haka, a farkon ƙarni na 20, aka kai shi Kalifoniya ta Amurka domin ya riƙe ƙasa a gefen hanyar jirgin ƙasa, daga bisani hukumar hanyoyin jihar ta shimfiɗa shi eka dubbai a bakin manyan tituna, ba ta daina ba sai wajen shekarun 1970.

Amma abin da masu wannan tadbiri ba su auna ba shi ne, a mahaifarsa akwai kunkuru da gwaggon biri da sauran dabbobin da ke cinsa, da tsirran da suka saba gogayya da shi, alhali a baƙuwar ƙasa ya sami fili babu mai tsawata masa. Barewa da zomaye suka ci 'ya'yan suka watsa irin, ya danne tsirran asali na tuddan rairayi, ya tsamama ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya ga yadda kacalla ta cinye fadamun Haɗeja da Nguru zai fahimci al'amarin. Abin takaici ma, saiwarsa gajera ce, idan ganyen ya ƙoshi da ruwa ya yi nauyi, yakan ja gangaren da aka ba shi amana su zube tare.

Yanzu a Point Reyes ta Kalifoniya, da gaɓar Fotugal da tsibiran Bahar Rum inda can ma ya bazu, da hannu ake tumɓuke shi, a tara shi wuri guda ya bushe, a kuma riƙa komowa shekara da shekaru, domin guntun reshe ɗaya da aka manta, ko irin da ya kwanta cikin yashi, ya isa ya mayar da aikin sabo.