Masu Ƙwanƙwasa Cikin Jirgi

A birnin Landan na ƙarni na 18, attajirai da masu inshora kan taru a shagon shan gahawa na Lloyd, kuma damuwarsu guda ce. Ana kawo musu sunan jirgin da ba su taɓa sa wa ido ba, a ce su ɗauki nauyin asararsa idan ya nutse. Mai jirgi kuwa ba ya kushe hajarsa. Don haka a shekarar 1760 suka kafa ƙungiya, suka riƙa tura tsofaffin kyaftin da kafintocin jirgi su duba musu, su kawo rahoto.

Rajistar da suka buga a 1764 ta raba gangar jikin jirage aji biyar da haruffan A, E, I, O, U, kayan aiki irin su igiyoyi da anga kuma aji uku. Daga baya lambobi suka maye gurbin haruffan kayan aikin, inda aka samo A1, wato jirgin da ba shi da makusa.

Cikin abubuwan da masu dubawar ke farauta akwai tsutsar teku da masana ke kira Teredo. Takan huda katako da ƙaramin rami, ta cinye cikinsa kamar yadda gara ke cin itace, waje kuma ya zauna sumul. Ita ce ta lalata jiragen Kolumbus har ya maƙale a Jamaika a 1503. Sojojin ruwan Ingila sun gwada lulluɓe ƙasan jirgin Alarm da jan ƙarfe a 1761, tsutsa ta kasa shiga, sai dai jan ƙarfen ya riƙa cin ƙusoshin baƙin ƙarfe. Mai duba jirgi dole ya san duka biyun. Kayan aikinsa guduma ce da basilla: ya buga ya kasa kunne, katako mai lafiya ya amsa da ƙarfi, ruɓaɓɓe ya yi shiru-shiru, sannan ya caka basilla inda ya yi zargi.

Akwai wanda ya duba, ya ga ruɓa ko'ina, amma ya karɓa. A 1892 Kyaftin Eben Pierce ya ba Joshua Slocum kyautar wani tsohon jirgin kamun kawa mai tafiya da iska, Spray, wanda aka jingine a wani fili a Fairhaven ta Amurka. Mutanen gari sun ɗauka farfasa shi zai yi. Slocum ya shafe wata 13 yana sauya katako ɗaya bayan ɗaya, ya kashe dala 553 da ɗoriya. Kyautar ta yi tsada, amma da wannan jirgin ya tashi daga Boston a Afrilun 1895, ya zagaya duniya shi kaɗai, ya dawo a Yunin 1898, abin da ba wanda ya riga shi yi.

Tun daga shekarun 1960 yawancin ƙananan jiragen iska da roba mai zaren gilashi ake ƙera su. Tsutsa ba ta cinta, amma ruwa kan ratsa fatar ya tayar da ƙuraje, ko ya shiga ta ramin ƙusa ya ruɓar da katakon balsa da aka cusa a tsakiyar daɓen. Shi ya sa har yau ake ciro tsohon jirgi daga ruwa kafin a saye shi, mai dubawa ya bi shi da 'yar guduma da na'urar auna danshi. Mai saye ne ke biyan ladan aikin, kuma kamfanonin inshora da dama ba sa karɓar tsohon jirgi sai sun ga rahoton.