Tarihin Sayar da Gida Ƙasa da Bashin da ke Kansa a Amurka

Mafi yawan Amurkawa da bashin banki suke sayen gida, gidan kuma shi ne jingina. Tsarin biya a hankali na tsawon shekaru ya kafu ne a zamanin karayar tattalin arzikin shekarun 1930, lokacin da gwamnati ta kafa hukumar inshorar bashin gidaje a 1934, sannan kamfanin Fannie Mae a 1938. Daga baya bankuna suka riƙa tattara basussukan suna sayar wa masu zuba jari, har ta kai wanda ke karɓar kuɗin wata-wata sau da yawa wakili ne kawai, ba shi ne mai dukiyar ba.

Farashin gidaje ya kai ƙololuwa a 2006, sannan ya faɗi warwas, musamman a jihohin Nevada, Arizona, Florida da California. Zuwa 2010, kusan ɗaya cikin kowane gida huɗu da ke jingine, bashin da ke kansa ya zarce darajarsa. Wanda ya rasa aiki ya kasa biya, ko dai banki ya ƙwace gidan ya yi gwanjonsa, ko kuwa shi ya sayar a farashin kasuwa, bankin ya karɓi abin da ya samu. Hanya ta biyu ba ta yiwuwa sai da yardar banki, domin shi ke sakin jinginar.

Neman yardar nan aiki ne ja. Mai gida yakan rubuta wasiƙar bayyana halin da ya shiga, ya haɗa da takardun albashi, na haraji da na asusun banki. Bankin yakan tura nasa dillalin ya ƙiyasta darajar gidan, ya auna tayin mai saye da abin da zai samu a gwanjo bayan kuɗin lauyoyi da na gyara. Idan akwai bashi na biyu a kan gidan, shi ma mai shi sai an lallashe shi. Watanni kan shuɗe ba amsa, har mai saye ya gaji ya janye.

Babban abin da ake ja a kai shi ne ragowar bashin. A jihohi da dama, banki na iya bin mutum cikon kuɗin bayan an sayar da gidan, sai dai idan takardar amincewa ta fayyace cewa an yafe. Bashin da aka yafe kuma, hukumar haraji na iya lissafa shi cikin kuɗin shiga. A Disambar 2007 Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar da ta ɗauke wannan haraji ga gidan da mutum ke zaune ciki, har zuwa dala miliyan 2.

A Afrilun 2010 gwamnatin Barack Obama ta fara shirin HAFA don sauƙaƙa irin wannan ciniki, wanda ya wajabta yafe ragowar bashin farko, ya kuma ba mai gida dala 3,000 na ƙaura. California ta haramta bin cikon tun daga 2011. A Fabrairun 2012 manyan masu karɓar bashin gidaje biyar suka cimma yarjejeniyar dala biliyan 25 da gwamnatin tarayya da jihohi 49, aka lissafa musu irin wannan yafiya cikin abin da za su biya. A shekarar ce hukumar da ke kula da Fannie Mae da takwaransa Freddie Mac ta ƙayyade kwana 30 na ba da amsa, da kwana 60 na yanke hukunci.

Farfaɗowar farashi ta rage buƙatar wannan ciniki, shirin HAFA ya ƙare a ƙarshen 2016. Ya dai bar wa masu gidaje al'adar neman yafiyar ragowar bashi a rubuce kafin su miƙa makulli.