Idan Babbar Sallah ta faɗo a kaka: abin da tukunyar Zage-zagi ta gani

Mai karatu, ko ka taɓa lura cewa ba kowace shekara ba ce Babbar Sallah ke samun mutanen Zariya da cikakken rumbu? Shekarar Musulunci ta na gaza ta Bature da kusan kwana 11, shi ya sa Sallah ke yawo, bana ta zo a bazara, gaba ta zo a tsakiyar sanyi. Sai an yi kimanin shekara 33 ta ke sake komowa cikin kaka. A watan Oktoba aka yi layya a 1947 da 1948 da 1949. Haka aka yi a 1980 da 1981, sannan a 2012 da 2013 da 2014. Wanda ya ci tuwon waɗannan Sallolin duka a cikin ganuwar Zariya, to ya ci tuwo iri uku a gida ɗaya.

Mu fara da ta 1948. A lokacin manyan gidajen birni, irin na Kwarbai da Unguwar Juma da Limancin Kona, ba a kasuwa su ke auno abincin Sallah ba. Gandu su ke da shi a bayan gari, wasu ma tsofaffin rinjojin iyayen su ne, duk da cewa an soke bauta a dokance tun 1936. Da an shiga kaka za ka ga jakuna na kwararowa ta Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, ɗauke da damman gero da gyaɗa da kabewa. Dawa kam ba ta iso ba, don a Oktoba ta na gona ta fid da kai, sai Nuwamba ko Disamba a ke girbe ta. Wato uwargida na da sabon gero na fura, ta na da shinkafar fadama ta tuwo da waina, ga kabewa da alayyafo da gyaɗar miyar taushe a araha, amma tuwon dawa sai dai da tsohuwar da ta rage a gindin rumbu.

Maigida ne ke cikin tsaka mai wuya. Hatsi ya samu, raguna sun yi ƙiba da ciyawar damina, amma kuɗi ba su shigo ba, domin kasuwar auduga, wadda ita ce babbar hanyar kuɗin manomin Zazzau a wancan zamanin, ba ta buɗewa sai sanyi ya kama. Da yawa kan ci bashi a kan audugar da ba a tsinka ba. Ba banza ba Hausawa su ka ce Sallah bikin ɗaya rana ce, ta kan bar wawa da bashi.

Tsarin girkin kuwa a ka ya ke, babu takarda. Kakar mu, Allah Ya jiƙan ta, ta kan ce da yatsa a ke lissafin Sallah, a ƙirga gidajen da za a kai wa tuwo tukuna kafin a ƙirga mudu. Ana saura kwana uku a jiƙa shinkafar waina, a yi alkaki da nakiya da zuma ko mazarƙwailar Maƙarfi. Ranar Idi, bayan an sauko an yanka, kayan ciki kaɗai a ke taɓawa a yawancin gidaje, ragon ya kwana a rataye, washegari a yi rabo a shiga suya. A kan ware wutsiya ko wani ƙashi mai tsoka a busar, a adana har watan Muharram domin daren cika-ciki. Akushin da ya tafi gidan surukai kuma ba ya dawowa wayam.

Abin mamaki, mai karatu, ko a waccan miyar da mu ke kira ta gargajiya akwai baƙi. Barkono da gyaɗa da tumatur duk asalin su daga nahiyar Amurka su ke, sun shigo Afirka ne bayan ƙarni na 15. 'Yan gida na ainihi su ne gero da dawa da daddawa da kuka da jar shinkafar nan tamu.

Da Sallah ta sake faɗowa kaka a 1980, ƙasar ta canza. Kuɗin man fetur sun kawo farar shinkafar waje da fulawa, dunƙulen Maggi ya zauna kusa da daddawa ya na neman ture ta, cincin da dubulan su ka cika samira. Amma canjin da ya fi girma a gona ya faru. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta faro tun 1922, da shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka buɗe a 1975, sun yaɗa sabon irin masara da takin zamani. Masarar da a da a ke shukawa a bayan gida don gashi ta zama abincin gari. Ita kuma, ba kamar dawa ba, ta na nuna da wuri. Ka ga kenan a Sallar kaka ta 1980 an fara samun sabon tuwo fari tas a lokacin da dawa ke tsaye a gona. Tsofaffi sun yi ta tsaki wai ba ya riƙe ciki. Yau nawa ne a cikin 'ya'yan mu za su zaɓi tuwon dawa idan an ajiye masu biyun? Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da shinkafa a 1985, ta bi da alkama a 1987, wasu gidajen sun ɗan waiwayi tsohuwar tukunya, amma ba su daɗe a can ba.

Ta 2013 kusan duk mun gan ta. Gandu ya watse, an raba gonaki gado, da yawan 'yan birni ma'aikata ne masu jiran albashi. Kaka ta taimaka ne kawai ta fuskar farashi a kasuwa. Dafa-duka da soyayyar shinkafa su ka hau gaba, kula ta gaji samira, firji ya sa ba dole ba ne a soye nama ƙayau. Finafinan mu ma haka su ke nuna Sallah, teburi da lemon kwalba, da wuya ka ga an ɗauko tandar waina a fim. Duk da haka, ka leƙa lungunan Babban Dodo da hantsin ranar Sallah, za ka tarar da yara sanye da sabbin kaya, kowa da kwano a ka, ana kai tuwon shinkafa da miyar taushe gidan gwaggo.

Abin da ni ke tsoron ya ɓace shi ne lissafin nan na yatsa. Matan da su ka san gidan da a ke kai wa cinya da gidan da a ke kai wa haƙarƙari, da dalilin da ya sa, su na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda ya zauna da su da biro. Babbar Sallah ba za ta sake faɗowa a Oktoba ba sai wajen 2045. Yarinyar da ta ɗauki kwano a 2013 ita ce za ta riƙe muciya a ranar.