Zafin Inji da Jan Salansa: Abin da Mai Mota Zai Iya Ganowa da Kansa

Injin fetur ba ya cin moriyar duk man da yake ƙonawa. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke zama ƙarfin juya taya. Sauran zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani ruwa ya kwashe shi zuwa lagireto. Da zarar ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu ta samu tangarɗa, sai allurar zafi ta fara hawa.

Yawancin injinan yanzu suna aiki ne tsakanin digiri 90 zuwa 105, alhali ruwa zalla yana tafasa a 100. Abin da ke hana shi tafasa shi ne murfin lagireto, wanda ke riƙe matsi har ma'aunin tafasar ya kai wajen 120, sai kuma ruwan sanyaya inji mai launi da ake zubawa. Murfin da robarsa ta tsufa yakan sa ruwa ya riƙa ƙafewa ba tare da an ga yoyo ba, amma shi ne abu na ƙarshe da ake zargi, ga shi kuwa ya fi komai araha.

Babbar shaidar da mai mota ke da ita ita ce lokacin da allurar ke hawa. Idan a cunkoso take tashi, irin na bakin Kantin Kwari da rana, ta sauka da an hau titi, to iska ce ba ta isa, sai a duba fanka da fis da wayoyinta. A yawancin motoci, kunna na'urar sanyaya cikin mota kan tayar da fanka nan take. Idan ba ta juya ba, an kama bakin zaren. Idan kuwa a gudu take hawa, kamar a hanyar Kano zuwa Zariya, ko wajen hawa tudu da kaya, lagireton ne bai iya sauke zafin ba: ƙurar hunturu ta like shi daga waje, ko ruwan rijiya da na burtsatse sun bar gishiri da tsatsa a ƙananan bututunsa. Famfon ruwa da fikafikansa suka cinye ma yakan yi haka. In allura ta yi sama mintuna kaɗan bayan tayar da mota da safe, tiyon da ke zuwa lagireto kuma yana da sanyi, tamostat ne ya maƙale a rufe.

A nan ne nake ganin kanikawa da yawa suke kuskure. Mota ta iso daga Kwatano, sai a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasar ƙanƙara ne. Aikinsa shi ne ya kai inji ga zafin da ya dace ya tsayar da shi a nan, ko a Jamus ko a Maraɗi. Injin da aka cire wa shi yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta ƙara masa fetur, ya ci mai, ya tara baƙi a filogi. Lagireton da ya toshe kuwa yana nan a toshe.

Gasket ɗin kan inji yana da alamunsa: kumfa na tasowa a bakin lagireto, farin hayaƙi mai kauri daga salansa, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Wannan ya wuce gyaran gida. Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, kuma kada a sheƙa masa ruwan sanyi, domin kan injin na alminiyam yana iya lanƙwashewa.

Salansar da ta yi ja kuwa sau da yawa laifin na inji ne. Idan filogi ko koyil ya mutu, silinda ɗaya takan tura ɗanyen fetur cikin bututu, ya je ya kama da wuta a cikin katalis, matatar hayaƙin da ke aiki a wajen digiri 400 zuwa 800. In zafin ya zarce haka da nisa, saƙar da ke ciki ta narke ta toshe hanya, sai mota ta daina amsa totur, zafi ya koma wa inji. Irin wannan motar ba a ajiye ta kan busasshiyar ciyawa. Kafin a taɓa salansa a fara ciro filogi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fito a jiƙe yana warin fetur, silindarsa ce ba ta ƙonawa.