Sir Charles Dilke (1843–1911)

Sir Charles Wentworth Dilke lauya ne, ɗan siyasar Birtaniya na jam'iyyar Liberal, wanda aka daɗe ana kyautata zaton shi zai gaji Firayim Minista Gladstone. An haife shi a Landan ranar 4 ga Satumba, 1843. Ya yi karatu a Cambridge, ya zama lauya a Middle Temple a 1866, sai dai bai riƙi lauyanci sana'a ba. Mutanen Chelsea sun tura shi majalisa a 1868, shekarar da littafinsa Greater Britain ya fito, a 1869 kuma ya gaji sarautar baronet daga mahaifinsa.

A 1871 ya fito fili ya soki kuɗin da gidan sarauta ke lashewa, Sarauniya Victoria kuwa ta riƙe shi a zuci. Hakan bai hana shi zama ƙaramin ministan harkokin waje a 1880 ba, ya kuma shiga majalisar ministoci a 1882.

Shari'ar Crawford ce ta kayar da shi, a kanta ne kuma marubuta suka fi saɓawa. A 1885 Virginia Crawford ta shaida wa mijinta Donald cewa ta daɗe tana lalata da Dilke. Ba baƙuwarsa ba ce: 'yar'uwarta ce ta auri ƙanensa Ashton. Donald ya kai ƙara yana neman a raba auren. Da aka zauna a Fabrairun 1886, ita ba ta zo kotu ba, shi kuma Dilke lauyoyinsa suka hana shi ba da shaida, don gudun kada a tono tsohuwar hulɗarsa da mahaifiyarta. A dokar Ingila ta lokacin, furucin matar hujja ce a kanta ita kaɗai. Sai alƙali ya raba auren, ya sallami Dilke. Wato dai ita ta aikata da shi, shi bai aikata da ita ba. Wa zai gamsu da wannan?

W. T. Stead na jaridar Pall Mall Gazette ya matsa wa Dilke lamba har Dilke ya nemi a sake duba shari'ar. Nan ne babban kuskuren. A zaman Yuli an ɗauke shi mai shaida ne kawai, lauyansa ba shi da ikon yi wa Virginia tambaya, shi kuwa lauyan Donald, Henry Matthews, ya yi masa ruwan tambayoyi, ya kasa kare kansa. Aka tabbatar da sakin. A wannan watan ne kuma Dilke ya rasa kujerar Chelsea.

Marubuci Roy Jenkins, a littafinsa na 1958, ya karkata ga cewa zargin ƙage ne. Hujjarsa na da ƙarfi, domin Virginia da bakinta ta amsa a zama na biyu cewa tana hulɗa da wani hafsan soja, Kyaftin Henry Forster.

Dilke ya koma majalisa a 1892 daga mazaɓar Forest of Dean ta masu haƙar kwal. Ya tsaya wa ma'aikata, ya soki zaluncin Sarki Leopold a Kongo, amma bai sake zama minista ba har ya mutu ranar 26 ga Janairu, 1911.